Fattar da Gwaggo Ta Tuƙa

Tun da hantsi Mastura take zaune a gaban risho tana ɓare hummus ɗaya bayan ɗaya. Waken Larabawa ne mai taurin kai, amma ta jiƙa shi tun jiya, yau ya dahu luguf. Zuciyarta ce kawai ta ƙi kwanciya.

Wata bakwai ke nan da aurenta da Abdulghani, akawu a tashar jiragen ruwa, amma mahaifiyarsa ba ta taɓa taka ɗakinsu na unguwar Ammariyya a Jidda ba. Hajiya Nazira mutuniyar Sham ce da marigayi Malam Na'ibi, telan unguwar Balad, ya aura. Ta so ɗanta ya ɗauki 'yar ƙanwarta, shi kuwa ya kafe sai Mastura. Shekaranjiya ta ba shi saƙo: ran Juma'a za ta zo cin fatta, abincin ƙasarsu. In matar nan ba ta iya abincin da ya tashi da shi ba, to ya sallame ta, ko kuwa ya nemi wata uwar.

"Wai duk wannan rawar jikin a kan fate ne?" in ji Gwaggo Larai, wadda ta riƙe Mastura tun rasuwar iyayenta. Shekararta arba'in a Jidda, amma harshenta da tukunyarta suna Kano. "Fate ai ko ido a rufe sai in yi miki!"

"Ba fate ba, Gwaggo, fatta! Na roƙe ki, ki zauna ki huta."

"To! Mu da muka zo taya aiki an mai da mu 'yan kallo."

Mastura ta jera komai daban-daban, kamar yadda wata maƙwabciya ta koya mata: soyayyar gurasa a tire tana ƙaras-ƙaras, hummus a ruwansa, kindirmo da aka kaɗa da niƙaƙƙen riɗi da tafarnuwa da lemun tsami, man shanu a kasko. Ba a haɗa su sai baƙi sun zauna, a zuba mai yana cuwat, a ci nan take.

Ana saukowa daga masallaci sai ga sallama. Abdulghani ya leƙo, shi ma fuskarsa duk ta faɗa.

"Yalla, Ummi ta iso. Kar ki ji tsoro, ina tare da ke."

Mastura ta shiga ta durƙusa, ta sumbaci hannun surukarta, wadda take kira Khala, wato inna.

"Ahlan, Khala. Sannu da zuwa."

Hajiya Nazira ta dube ta daga sama har ƙasa, ta karɓi gahawa, sannan ta shiga jero tambayoyi. Wa ke wanke masa tufafi? Me ya sa ya rame? Mastura tana amsawa, hankalinta na kan risho. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ta samu ta zame.

Tana shiga madafi ta ga tire wayam, kasko wayam. Ga Gwaggo riƙe da muciya tana share gumi, fuskarta fal murna.

"Na fid da ke kunya, 'yar nan! Ina aka taɓa ganin suruka ta iso abinci a warwatse? Na haɗa, na tuƙa, na rufe kar ya huce."

Mastura ta ɗaga murfi. Gurasar ta narke, kindirmon ya tsinke, komai ya zama dunƙule ɗaya kamar talge.

"Innalillahi! Gwaggo, kin kashe ni!"

Hawaye suka zubo mata. Babu sauran hummus, babu lokaci, ga muryar Hajiya daga ɗaki tana tambayar ko sai la'asar za a ci. Mastura ta dubi tsohuwar da ta goya ta, ta ga murnar fuskarta ta fara gushewa. Sai ta share ido, ta ɗauki kwanon da kanta.

Hajiya Nazira ta buɗe, ta ƙura wa kwanon ido. Abdulghani ya sunkuyar da kai.

"Esh hada? Mene ne wannan? Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Khala. Kuskurena ne, ki yafe mini."

"Ummi, wallahi ta kwana biyu tana..."

"Uskut! Rufe mini baki! Ba da kai nake ba."

Ta sa cokali ta ɗanɗana. Ta ƙara. Ta tsamo ƙwayar hummus ɗaya ta murza a yatsa, ta ga babu ɓawo ko kaɗan.

"Tafarnuwa daidai, tsami daidai," in ji Hajiya a hankali. "Hannun da ya zauna ya ɓare wannan ɗaya-ɗaya ba shi ne ya tuƙa shi da muciya ba. Wa kike ɓoyewa?"

Hawayen Mastura suka shiga ɗiga a tabarma. Sai ga Gwaggo a bakin ƙofa, ita ma tana kuka.

"Ni ce, Hajiya! Ni ce da karambanina! Na ɗauka fate ne irin namu. Kar ki raba yarinyar nan da mijinta saboda wautar tsohuwa!"

Hajiya Nazira ta ajiye cokali, ta juya ga Mastura.

"Kin san abin da na ce zai faru, amma kika ɗauki laifin?"

"Ita ta raine ni, Khala. Ba zan iya tozarta ta a gabanki ba."

Hajiya ta dubi Gwaggo, ta dubi Mastura. Da ta yi magana, muryarta ta karye.

"Ni ma tsohuwa ce. Gobe hannuna zai yi rawa, in ɓata abin da ya fi wannan. Wadda ta rufa wa wannan asiri, ni ma za ta rufa mini." Ta kamo hannun Mastura. "Khalas, ya wuce, ya binti, 'yata. Zauna kusa da ni. Ke ma Larai, zo mu ci faten naki."

Abdulghani ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya ja kwanon tsakiya. Haka su huɗu suka cinye shi tas, duk muninsa.

'Yan mata, girki ana koyonsa, kuma kowa yana ɓatawa. Abin da ya riƙe auren Mastura shi ne haƙurinta, da kuma yadda ta gwammace ta rasa mijin da take so da ta kunyata wadda ta goya ta.