Satar Indararo a Darmanawa

Sufeto Mu'awiya Maje bai gama karin kumallo ba Hajiya Maimuna ta faɗo ofishin 'yan sanda, mayafinta a karkace.

"Ɗan nan, an sace mini indararo!"

Kofur da ke kan kanta ya danne dariya. Sufeto kuwa ya ajiye cokali, don ya san soron da take nufi: tsohon ginin ƙasa a Darmanawa, mai zankwaye da rufin azara, wanda kakan mijinta ya gina tun unguwar tana gonaki. Ya leƙa ta taga. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.

"In ruwa ya kwanta a saman soron nan, rufin zai rufta," in ji Hajiya. "Ga shi ranar Asabar za mu yi gayyar yaɓe. Me za mu yaɓe? Kango?"

Da suka isa, Sufeto ya cire takalmi ya hau rufin a hankali. Indararon yumɓu ne. Masu zuba a tsakar gida suna nan lafiya lau, na ɓangaren lungu ne kaɗai babu. An kuma toshe ramukansu da laka. Ya sa yatsa ya tona, sai ga ledar burodi da ɓawon ƙwai.

"Hajiya," ya ce daga sama, "ɓarawon da ya tsaya toshe rami ba indararo yake so ba. Ruwa ne ba ya so."

Amma maƙwabta duk sun ce a tambayi Nura ɗan gwangwan. Sufeto ya same shi a Gyaɗi-Gyaɗi yana ɗaure tsofaffin ƙarafa a kura.

"Yaushe rabonka da lungun Hajiya?"

"Tun kafin azumi, Yallaɓai. Kuma ni me zan yi da yumɓu? Ai ba ya hawa sikeli."

"Wa ya ce maka yumɓu aka sace?"

"Duk unguwa ta sani, Yallaɓai."

Sufeto ya shafa kan tsanin da ke jingine da kurar, ya nuna masa jar ƙasa a yatsansa, ba ta ma gama bushewa ba.

Nura ya sosa ƙeya. "To, jiya na je. Lawan mai shayi ne ya ari tsanin, wai zai gyara rumfa. Na ɓoye ne don a garin nan ko kaza ta ɓata sai a ce ɗan gwangwan."

Teburin Lawan yana manne da bangon soron, daidai ƙarƙashin ramukan. Yana soya ƙwai yana kallon sama cikin kwanciyar hankali.

"Malam Lawan, an ce duk damina tsallaken titi kake komawa. Bana fa?"

"Bana na dogara ga Allah, Yallaɓai. A haɗa maka mai kauri?"

"Rumfar da ka gyara ke nan?"

Lawan ya dubi rumfar, wadda leda ke reto a kanta.

Sufeto ya zauna a benci, ya ji ya fi na kullum tsawo. Ya ɗaga buhun da aka lulluɓe ƙafafun bencin da shi. Ga indararon Hajiya a kwance, an yi waigi da su.

Aka yi tsawa. Lawan ya ajiye cokalin suya.

"Ni ne, Yallaɓai. A tsallake ba mai zuwa shan shayi, a nan kuma ruwa a cikin butata yake sauka. Na ce in toshe, ya bi ta ɗaya ɓangaren. Wallahi ban san rufin zai iya faɗuwa ba."

"A kanka zai fara faɗuwa, sakarai," in ji Hajiya, wadda ke tsaye a bakin zaurenta. "Zauren nan a buɗe yake tun kafin a haifi ubanka. Da ka buɗe baki ai da na ce ka shigo da teburinka."

Iska ta taso. Sufeto ya aiki Kofur ya taho da Nura da tsaninsa.

"Kafin ofis, hau ka mayar da abin da ka cire."

Lawan ya hau, Nura na riƙe da tsani yana masa tsiya, mutanen lungu na miƙa laka hannu da hannu. Yana kafa na ƙarshe ruwa ya ɓarke. Kowa ya ɗaga kai yana kallon sama. Can sai indararon ya yi tari, ya feso jan ruwa, ya sauka tsaf a cikin butar shayin Lawan.

Lungun ya kaure da dariya. Hajiya ta rangaɗa guɗa.

Kofur ya riƙe hannun Lawan ya nufi mota da shi, dukansu sun jiƙe sharkaf. Hajiya ta leƙo daga zaure.

"Ɗan nan, in kun gama da shi ku dawo mini da shi kafin Asabar. Shi zai kwaɓa ƙasa, shi zai dafa wa 'yan gayya shayi!"