Wanda Ke Dawowa da Magariba

Matar malamin da ya yi ruƙiyyar ce ta ba ni labarin nan, muna zaune a layin likitan ido. Ba mace ce mai ƙarin gishiri ba.

Wani mutum ne mai gyaran lif, akwatin nan da ke hawa da mutane saman bene. Dogayen benaye kuwa a tsakiyar gari suke, don haka can abincinsa yake. Matarsa ma can take, tana wankin zannuwan gado a wani asibiti. Da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, sai suka yi ta ja da baya, unguwa bayan unguwa, har suka dire inda bas ke juyawa. Gida mai kyau, ɗaki biyu da tsakar gida, ga arha. Amma kafin asuba suke fita, sai bayan isha'i hanya ke sako su. 'Yarsu guda, wadda suke kira 'Yar Baba, ita ke buɗe gida in ta taso daga makaranta, ita ke rufewa.

Uwar ce ta fara lura. Wata rana ta dawo ƙafafu a kumbure, ta tarar da kwano biyu a kan tabarma, an ci an suɗe.

"Ke da wa kika ci?"

"Ni da Baba."

Ta ɗauka shirmen yara ne, ga gajiya. Ba ta gama cire takalmi ba mijin ya yi sallama a ƙofa. Yarinyar ba ta amsa ba. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai wani. Duwatsun ba daga waje suke zuwa ba, daga cikin gidan suke tashi, kuma duk shi suke nema. Ɗaya ya fasa masa goshi.

'Yar Baba ta ɓoye bayan uwarta. "Umma, kar ki buɗe masa. Baba ya riga ya dawo."

Haka aka shiga yi. In mutumin nan ya taka ƙofar gidansa, sai jifa. Ya zauna, kujera ta zame. 'Yarsa ta daina kallon fuskarsa, ta koma ce masa "mutumin nan". Maƙwabta fa? Wane maƙwabta! Kowa na cikin bas a lokacin. Layin gaba ɗaya ba mai kunna fitila da magariba sai yara.

Ranar hutu uwar ta ɗauko malam. Ya ce ba zai fara ba sai rana ta sunkuya. Suka zauna a tsakar gida, inuwar katanga tana rarrafowa har ta rufe musu ƙafafu. Tsuntsaye suka yi tsit. Can sai aka yi sallama a ƙofa, da muryar maigidan sak, alhali ga shi zaune kusa da matarsa, hannunsa cikin nata.

Yarinyar ta amsa da murna. Sai ta sandare.

Malam ya dafa kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Da bakinta ya buɗe, wata murya ce ta fito, mai kauri, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Malam, sassauta. Me na ci maka?"

"Gidan mutane ka shiga."

"Mutane? Ina suke? Barci kawai suke zuwa yi. Mu ma da a tsakiyar gari muke, aka haƙe mu, aka dasa benayen da wannan ke hawa da sauka a ciki. Muka taso nan. Na ga gida ba kowa sai yarinya tana magana da bango. Na yi sallama, ta amsa. Ban fasa ƙofa ba."

Maigidan ya miƙe. "Ƙarya kake, la'ananne! 'Yata ce!"

Kan yarinyar ya juyo a hankali. "Taka ce? To faɗa mini, wane haƙori ne ya fita mata? Wa ke dukanta a makaranta? Ni na sani. Kai sai ka zo tana barci, ka tafi tana barci. Baƙo ma ya fi ka zama."

Uwar ta dubi mijinta, tana roƙon Allah ya amsa. Sai ya koma ya zauna. Ita ma da an tambaye ta, da ba ta sani ba.

Malam ya ɗaga murya, ya tofa a ruwa ya watsa. Abin ya yi ƙara har tagogi suka girgiza.

"Zan fita! Zan fita, ka daina ƙona ni. Amma ku ji. Duk ranar da rana ta faɗi ba babba a gidan nan, zan yi sallama. Kuma za ta amsa."

Yarinyar ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta.

Malam yana naɗe rawaninsa ya ce wa maigidan, "Fitar da shi na iya. Dawo da kai da wuri ne ban iya ba."

Aiki ba ya baruwa, hanya ba ta gajarta. Suka bar gidan. Suka kama ɗaki ɗaya a bayan wani shago a cikin gari, ba taga, labule ne ya raba gadonsu da tabarmar yarinyar, haya kuwa ta fi ta wancan gidan duka. Uwar ta ce ko sau ɗaya ba ta yi kewar tsakar gidan ba. Yarinyar ta warke. Sai dai har yau in uban ya yi sallama, ba ta amsawa sai ta leƙa ta ga fuskarsa. Rannan ma ta ce masa, ba da mugunta ba, "Wancan yana tambayata makaranta."

Ni dai ban runtsa sosai ba bayan na ji. Ɗana ma can bakin gari yake, shi da matarsa duk aiki, jikokina biyu su ke riƙe da makulli. Sun sha roƙona in koma wurinsu ina cewa ba na son ƙauye. Da gari ya waye na ƙulle kayana a zane, na ba maƙwabciyata kajina, na hau bas har inda yake juyawa.