Gilashin Mijin Doña Zulma

Ran Litinin da safe, tun ba a gama share dattin kasuwar Lahadi a titin Tristán Narvaja na birnin Montevideo ba, wani dillali da ake kira don Eladio Curbelo, wato malam Eladio, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. An sace wani tsohon gilashin kamara a shagonsa, irin wanda masu ɗab'i ke kwafe taswira da shi, mai gidan tagulla, girmansa ya kai kofin shayi.

Ba nasa ba ne. Na doña Zulma ne, wato uwargida Zulma, wadda mijinta ya mutu ya bar mata ɗakin hoto cike da tsofaffin kaya. Ta ba Eladio ya tantance shi, ya nemo mai saye. Yanzu 'ya'yanta sun ce shi ya sayar a ɓoye. A titinmu kuwa, dillalin da aka ce ya ci amana ya gama sana'a.

Sufeto Techera ya zo ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, yallabai. Sai na ajiya, yana rataye a kantin shayi, kamar na kowa a layin nan."

"Wato duk titin nan. Jiya da rana ina kake?"

"Gida. Barci."

Sufeto ya sunkuya kan allon katakon da gilashin ke ɗaure a jiki. Ramin yana nan fayau, ko ƙwarzane babu. Zoben da ke riƙe gilashin ma an kwance shi, sannan an mayar da ƙananan kusoshin cikin gurabensu.

"Zoben nan yana da tsada?"

"A wajen ɗan waje ƙarfe ne kawai. Amma in babu shi gilashin ba ya ɗauruwa, kuma ba a ƙera irinsa yanzu."

"Ɓarawo mai mayar da kusa," in ji Sufeto. "Na daɗe ban ga tarbiyya irin wannan ba."

Ya wuce kantin shayi. Mai kantin ta ce mabuɗi yana wurinsa, ita ba ta ga kowa ba. Amma batun barcin Eladio ya ba ta dariya.

"Barci? A tebur na ƙarshe yake, shi da doña Zulma, suna cin gasasshen nama. Ya sa turare har tasa ta ɗauka. Ana iya hango su daga kowane shago."

Namiji kan yi ƙarya ko da gaskiya ce za ta cece shi, muddin akwai bazawara a cikinta.

Shagon da ke kallon kantin na don Nicanor Bentancur ne, dogon tsoho mai gyaran injinan faɗaɗa hoto. Sufeto ya same shi yana goge wani ƙaramin gilashi da tsumma. A kan teburinsa duk abin da ya kwance, kusoshinsa na cikin gurabensu.

"Ka san gilashin da ya ɓace?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Ba ni aka kai wa ba." Bai ɗago ba. "Marigayi dai wurina yake kawo kayansa, tun kafin Eladio ya bar sayar da tsofaffin agoguna. Amma mace ta fi son mai turare."

Sufeto ya sake duban kusoshin da ke kan teburin. Ya aika aka kira Eladio da doña Zulma, ya tara su a shagon Nicanor, ya tura hularsa ƙeya.

"Doña, kin yi sa'ar dillali. Don Eladio, maimaita abin da ka gano, mu ma mu ƙaru."

Eladio ya gyara wuyan riga. "Aikin Jamus ne, na kafin yaƙin duniya. Lambar jikinsa ta nuna. Cikakke ne, ba a taɓa buɗe shi ba, garau kamar ruwan sama."

"Ikon Allah," in ji Sufeto. "An ce duk Montevideo babu mai ido kamarsa."

"Haka mijina zai so," doña Zulma ta ce, tana murmushi wajen Eladio.

Tsumman ya faɗi daga hannun Nicanor.

"Ido? Wannan? Jaki ma ya iya karanta lamba! Gidan ne kawai na Jamus. Gilashin baya na wani ne daban, an cusa shi da takarda, kuma fumfuna ta fara cin gefensa. Da ka kwance shi ka ɗaga a haske, mai agogo, da ka gani!"

Sufeto ya juyo wajensa.

"Kai yaushe ka kwance shi, don Nicanor?" Sufeto ya tambaya a hankali. "Ka ce ba ka taɓa ganinsa ba."

Tsohon ya sunkuya. Sannan ya jawo akwati daga ƙarƙashin tebur. Gilashin na ciki, naɗe a ƙyalle mai laushi, zoben a gefensa.

"Ba sayarwa zan yi ba. Na hango ta ita da Eladio suna dariya a kantin shayi, na je na ɗauki mabuɗi. So nake ta ce ya ci amanarta, ta tsallako titi ta tambaye ni." Ya juya wajenta. "Tun mijinki na raye nake tashi tsaye in kin wuce, doña."

Sufeto ya miƙa masa kwat ɗinsa, ya kama gwiwar hannunsa. Ba a sa ankwa ba. Tsohon da ƙyar yake tafiya.

Suna bakin ƙofa doña Zulma ta matso kusa da Eladio. Ta yi ƙasa da murya, amma shagon ƙarami ne.

"Bawan Allah. Wai mene ne sunansa ma?"