Ya Kashe Mata Ido

"Ka kashe mata ido ko ba ka kashe mata ba? Amsa ɗaya nake so!"

A ƙofar gidanmu nake tsaye da la'asar. Shi kuwa yana zaune kan mashin ɗinsa, akwatin biredin da yake raba wa shaguna ɗaure a baya, sai wani murmushi yake kamar an yi masa kyauta.

"Wa fa, Auta tawa?"

"Ɗiyar Goggo! Jiya da daddare, a ƙofar shagonta!"

Maimakon ya rikice, sai ya fashe da dariya.

"Au, har ta faɗa miki? Wallahi na kashe mata, har sau biyu. Ai ba ita kaɗai ba, duk 'yan matan layin nan babu wadda ta tsira. Kuma duk saboda ke na yi..."

Saboda ni!

Na juya zan shige gida.

"Zuciyata, tsaya mana ki ga abin da na..."

"Kada ka sake kira na zuciyarka!"

Na bugo ƙofa har sai da sakatar ta yi ƙara, na faɗa ɗaki na kifa kaina a kan filo. Kuka na yi mai dalili, don ina son bawan Allahn nan kamar raina.

A gidanmu Kyandir ake ce masa, kuma Baba ne ya raɗa masa sunan. Fitilar mashin ɗinsa ce ta jawo masa, wata 'yar ja-ja da ko kaza ba za ta gani da ita ba. Ranar da ya fara zuwa gaida Baba, bayan magriba, bai ga ramin ƙofar gidanmu ba, ya afka ciki, biredi ya watse ko'ina. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a tafiyar dare, ba abin da ya tsana irin matacciyar fitila.

"Wanda ba ya ganin gabansa ne zai ɗauki 'yata a bayansa?" in ji Baba. "Kada iyayensa su tako min gida sai ya gyara wannan abin kunyar."

Tun ranar maganar aurenmu take rataye a jikin fitila.

Ita kuwa ɗiyar Goggo, da ma na san da wata a ƙasa. Kullum ya kai mata biredi sai ta ce ya tsaya ya sha ruwa, sai ta ce ƙirgan bai cika ba a sake. Da safen nan ta shigo tana yauƙi, ta zauna bakin gadona.

"'Yar'uwa, ba na son ɓata miki rai, amma mutumin naki ya kashe min ido jiya. Na rantse da Allah, a gaban mutane ma."

Duk iya shegenta ba ta rantsuwa a kan ƙarya. Shi ya sa maganar ta soke ni, ga shi kuma ya amsa da bakinsa.

Wayata ta yi ta ruri, na kife ta. Mama ta leƙo ta ce, "Ke dai kin cika zuciya, ki bari ya yi bayani mana." Na ce ba bayanin da zan ji, gara ma da Baba ya hana.

Bayan isha'i muna tsakar gida, sai ga Baba ya shigo yana faɗa tun daga soro. Rigarsa fara ta koma ruwan ƙasa har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya a hannu.

"Innalillahi! Malam, me ya same ka?" Mama ta miƙe.

"Wani ɗan banza ne a kan mashin ya kashe min ido a kwanar layi! Na kauce, na zurma kwata!"

Na ɗago kai a hankali.

"Baba... ya kashe maka ido?"

"Da wata fitila fara fat, kamar walƙiya! Har yanzu taurari nake gani!"

Na dafe ƙirji.

Wayyo ni Auta, na shiga uku da wautata!

Ashe kashe idon ke nan! Ashe ba na iyayi ba ne, na fitila ne! Ɗiyar Goggo ta yi rantsuwarta a kan gaskiya, ta bar ni na ƙarasa ƙaryar da kaina. Dariya ta taso min, kunya ta danne ta, sai kuma tsoro ya danne su duka. Don kuwa na san ɗan banzan da Baba yake nema.

Ban gama tunani ba wani haske ya keto ta ƙarƙashin ƙofa, ya haske soronmu tas. Aka yi sallama da muryar da na sani.

Baba ya ajiye takalmin ya fita, ni da Mama muka bi shi a guje.

Kyandir na ganin rigar Baba ya sauko daga mashin ya durƙusa.

"Baba, ka yafe min! Wallahi na tsaya na juyo, na tarar har ka shige. Ban san kai ba ne sai da..."

"Da wani ne fa? Shi ba mutum ba ne?"

"Mutum ne, Baba."

"Na ce ka gyara fitila, na ce ka makantar da unguwa?"

"Sabon ƙwai na saya, irin farin nan mai ƙarfi. Har wayoyin na sake. Da hannuna na ɗaura, don ka ga na ji maganarka..."

Tausayinsa ya kama ni har hawaye suka zubo min. Na ce a raina shi ke nan, da can fitila ta yi kaɗan, yanzu ta yi yawa, aure dai ya tafi.

Ban san lokacin da na durƙusa kusa da shi ba.

"Baba, don Allah. Saboda ni ya yi."

Baba ya dube ni, ya dubi fitilar. Ya zagaya mashin ɗin hannu a baya, ya sunkuya ya leƙa ta gefe, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa.

"Ƙwan mai kyau ne," ya faɗa ciki-ciki. "Mai ɗaurin ne sakarai. Ka ɗaga mata kai sama kamar mai neman tsuntsu. Auta, ɗauko min sukudireba a ƙasan gadona."

Da gudu na je, har ina tuntuɓe.

Baba ya sa shi ya tura mashin ɗin baya, ya fuskanci katangar gidanmu, ya hau ya zauna. Baba ya tsinci gawayi ya ja layi a jikin katangar daidai tsayin fitilar.

"Ka ga layin nan? In kana kan dim, wato ƙaramar wuta, hasken ya tsaya ƙasa da shi. Ful kuma, babbar wutar, sai hanya ba kowa. Riƙe kan da kyau!"

Ya sassauta kusar da ke gefen fitilar, yana murɗawa a hankali, hasken yana saukowa daga saman katanga har ya kwanta ƙarƙashin layin. Nan take titin gabanmu ya fito fes, har ramin nan na ƙofar gida, mu kuma idonmu lafiya lau.

"Masha Allah," in ji Mama.

"Sauka," Baba ya ce masa. "Kwance akwatin nan. Sai na gwada da kaina."

Baba da rigar kwata ya haye mashin, ya ba shi wuta, ya yi kwana ya ɓace. Mama ta koma ciki tana dariya, ta bar mu a ƙofar gida.

Na kasa haɗa ido da shi.

"Nawan... ka yi haƙuri."

"Ni har yanzu ban san laifina ba, Auta."

Na faɗa masa abin da na ɗauka. Sai ya riƙe ciki ya zauna kan akwatin biredi yana dariya har da hawaye.

"Ni? Duk 'yan matan layi? Ni da ko kallonki sai na yi addu'a tukuna!"

"To ai kai ka ce babu wadda ta tsira!"

"Har Goggon ma ba ta tsira ba, zagi na sha!"

Na rufe fuska da mayafi ina dariya.

"Gobe ka bar biredinta a bakin ƙofa," na ce. "Ruwa kuma ka sha a gida."

"An gama, ranki ya daɗe."

Sai dai Baba shiru. Muka yi ta leƙen kwana, dariyarmu ta fara komawa ciki. Ko wani abu ya same shi? Ko ya je ya sake shawara ne?

Can sai ga farin haske ya shawo kwana, kwance a kan titi. Mutum biyu ne a kai. Na baya dattijo ne, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ɗayan ya ƙanƙame Baba.

Kyandir ya miƙe zumbur.

"Auta... Abbana ne!"

Baba ya taka burki a gabanmu, ya kauce wa ramin tsaf, fuskarsa fal annuri.

"Na gaji da jiran su zo, na je na ɗauko shi da kaina," ya ce. "Ke kuma kin tsaya kina kallona! Maza shimfiɗa tabarma, ga surukinki nan."