Tumfafiyar Bayan Rumbu

"Inna, don Allah ki aje laujen nan..."

Lauratu ta tsaya tsakanin mahaifiyarta da tumfafiyar da ta shuka a bayan rumbu.

"Wa ke shuka tumfafiya cikin gida in ba mai iskoki ba? Suwaibatu ta cika 'Yargoje da zancen kina hira da ita da rana tsaka."

Suwaibatu ɗiyar kawun Lauratu ce. Tun shekarar ƙarin albashin Udoji, da Nata'ala malamin gona na Daudawa ya kawo gaisuwar neman auren Lauratu, Suwaibatu ba ta sake sakar mata fuska ba.

Shi ya ba Lauratu irin tumfafiyar. Da ta yi ganye, ya nuna mata wata tsutsa mai zane a ƙarƙashinsa.

"Masoyiya, wagga ita ke zama malam-buɗe-littafi, kuma tumfafiya ce abincinta. Kafin su yi fiffike na dawo daga kos a Kaduna, a sa mana rana."

Inna ta aje laujen, amma ta hana ta zuwa wurin.

Ran Alhamis bayan azahar gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Lauratu ta lallaɓa ta zagaya.

Malam-buɗe-littafin sun fito. Masu ruwan goro, sun lulluɓe ganyen kaf, babu mai kaɗa fiffike ko ɗaya.

A bayan danga kuma ga Nata'ala tsaye cikin farar riga.

"Yaushe ka iso? Ban ji babur ba."

"Ai na ce miki zan zo..."

"To zagayo ka gaida Inna."

"Ba ni da lokaci, Lauratu. Sun yi kyau, ko?"

Ta miƙa hannu ta saman danga. Gaba ɗaya suka tashi suka rufe mata fuska. Da suka watse babu kowa, kuma ƙasar wurin ba sawu.

Da la'asar wata Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Wan Nata'ala, Abdulkarim, ya yi sallama, ya durƙusa a zaure.

"Sai haƙuri. Motar siminti ta bi ta kan motar su Nata'ala da hantsi, kusa da Funtuwa. Mun kai shi kafin azahar."

Suwaibatu ce ta fara fasa kuka.

Lauratu ta zauna a ƙasa, hawaye ya ƙi zuwa. Inna ta matso ta riƙe hannunta.

"Ɗiyata," ta ce a hankali, "ɗazu ina bakin murhu na ji muryar namiji a bayan rumbu. Muryarsa ce, ko?"