Fankon Akwatin Guéma

Ranar Asabar da safe Alhaji Abdulbaƙi ya buɗe ofishin ƙungiyar dillalan shanu da ke Guéma, ya tarar babu akwatin. Baƙin ƙarfe ne, tsayinsa ya kai gwiwa, shekara bakwai yana ƙarƙashin tebur da koriyar fitilarsa. Wayoyin lantarkinsa kawai aka bari. Ba a fasa ƙofa ba.

Kafin Inspekta Anwar ya iso, an riga an kai Baba Gaji mai gadi komisariya, ofishin 'yan sanda, an kulle. Idan ba a samu ɓarawon ba, ranar Litinin sai kotu.

"Me ke cikin akwatin?" in ji Anwar.

"Komai, Shef," in ji Alhaji, shugaban ƙungiyar. "Duk saniyar da ta shigo Parakou ta hannunmu, da hotonta, da tsagar kunnenta, da sunan wanda ya kawo ta. Jibi za mu zauna da wani Bafulatani, ya ce shanunsa shida da aka sace nan aka sayar. A ciki za mu duba."

Anwar ya je komisariya ya sami tsohon zaune a kan siminti, babu hula.

"Baba, ina makulli yake kwana?"

"A wuyana. Sai ranar Juma'a, in zan tafi masallaci, nake rataye shi bayan randa."

"Wa ya san haka?"

"Wa bai sani ba?"

Da ya dawo ofis sai ya ga Ukasha, ɗaya daga cikin magatakardan ƙungiyar biyu, yana danna waya.

"Me kake yi?"

"Aiki, Shef. Ina shigar da shanun safe."

"A ina?"

"A rajista."

"Wadda aka sace?"

Ukasha ya dubi wayar, ya dubi gurbin akwatin. Ya miƙa masa. Ga shanu nan da hotunansu, har na bara. Alhaji ya karɓa, ya juya wayar ya duba bayanta.

"Kada wanda ya faɗa wa kowa wannan," in ji Anwar.

Aka kira Khalida, mai kula da na'urorin ƙungiyar. Ta zo a kan moto, wato babur, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ba ta ko yi salati ba. Anwar ya lura da hakan.

"Malama, ba ki damu ba."

"Fanko aka ɗauka, Shef. Mako uku ke nan da na kwashe serveur ɗin, na'urar da ke riƙe da rajistar, na mayar garin Djougou."

"Kin ɗauki akwatin kin kai Djougou?"

"A'a. Akwatin yana nan. Na'urar na kai."

"Akwatin ba shi ne na'urar ba?"

"Da can shi ne."

Anwar ya rubuta wannan, ya karanta, ya soke.

"In fanko ne, me ya sa kika bar shi a kunne?"

"Alhaji ya ce ranar da fitilar nan ta mutu, aikina ya mutu. Sau uku ina yi masa bayani. Sai na bar masa fitilarsa."

Alhaji ya gyara babbar riga.

"Wa ya san fanko ne?"

"A Parakou, ni kaɗai."

Ya cire ta daga zargi, in dai gaskiya ta faɗa. Alhaji kuwa, lokacin da makulli ke bayan randa, a sahun gaba ya yi sallar Juma'a, mutum talatin za su shaida. Saura magatakarda biyu da tsohon. Amma Anwar bai yarda da abin da bai taɓa da hannu ba. Ranar Lahadi suka kama hanyar Djougou.

Ɗakin yana bayan shagon wasu tsofaffin fataken goro. Sanyi kamar firiji. Kabad ɗin ƙarfe guda ɗaya, yana gurnani a hankali.

"Ƙungiyoyi shida suka haɗu suka saya," in ji Khalida. "Masu kaju, wato yazawa, masu goro, masu kamiyon ɗaukar kaya, da mu, da wasu biyu. Maimakon kowa ya ajiye akwatinsa, ƙarfe ɗaya ya ɗauki na'ura shida. Cloud privé ake ce masa."

"Wacce ce taku?"

"Tana ciki."

"Nuna min."

"Ba ta da jiki, Shef. Yau tana wannan ɓangaren, in ya lalace ta koma wancan, ba wanda zai ji."

Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen. Ɗumi kawai. Ya daɗe a tsaye. Bai gane ba, ya kuma san ba zai gane yau ba. Sai ya yi tambayar da yake yi a kowane gida.

"Akwai mai rubuta shiga da fita?"

Ta ɗago. "Akwai."

Ta buga masa shafi biyu. Tsohon akwatin ya yanke da ƙarfe biyu saura minti takwas ranar Juma'a, ana cikin huɗuba. Ukasha ya buɗe rajista da la'asar, ya shigar da shanu arba'in da ɗaya. Sufyan, magatakarda na biyu, mai tsayawa a Gare, tashar da ake lodin kamiyo, kullum yana shiga rajistar tun da aka ba shi waya. Daga azahar ɗin Juma'a sunansa bai sake fitowa ba.

Da yamma, bayan sun dawo Parakou shi da Khalida, Anwar ya same shi a gindin wata kamiyo, da littafi a hannu, direbobi na yi masa tsiya wai ya koma zamanin kakansa.

"Malam Sufyan, sannu da aiki. Ina waya?"

"Ai an sace akwatin, Shef. Dole mu koma takarda."

"Haka ne. Mu gani."

Anwar ya buɗe shafin farko. Rubutu mai tsabta, da kwanan wata a sama.

"Juma'a," in ji Anwar. "Yaushe Alhaji ya buɗe ofis ya ga sata?"

"Asabar."

"Kai kuma ka koma takarda tun Juma'a da la'asar. Wa ya gaya maka?"

"Rezo ne, sabis ɗin waya, ya ɗauke ranar."

"Ba haka ka ce yanzu ba. Buɗe wayarka."

"Ba za ta buɗe ba, Shef. Babu abin da za ta buɗe."

"Gwada."

Ya danna. Rajistar ta fito. Sufyan ya zuba mata ido. Khalida ta miƙa hannu ta buɗe shafin ranar da Bafulatanin ya ambata. Shanu shida, tsagar kunne iri ɗaya, an rubuta su da sunan wani dillali da ya rasu bara. A ƙasa, sunan wanda ya shigar: Sufyan.

"Na jefa akwatin rijiya," ya faɗa a hankali, kamar mai tambaya. "A Kpébié. Da hannuna. Na ji faɗuwarsa."

"Na yarda," in ji Anwar. "Ukasha bai san an yi sata ba, sai ya buɗe waya kamar kullum. Kai ka sani, ba ka ko gwada ba. Miƙo hannu."

Ranar Litinin da hantsi aka buɗe wa Baba Gaji. Alhaji ya zo da kansa, da sabuwar hula, yana ba da haƙuri. Anwar ya yi wa tsohon bayani gwargwadon abin da ya gane, Khalida na gyara masa. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Wato tun mako uku babu komai a ciki."

"Babu, Baba," in ji Khalida.

"Ruwan da aka yi makon jiya, a bakin ƙofar na kwana. Nan kuma kwana biyu a siminti, jikokina sun ji an ce kakansu ɓarawo ne." Ya juya ga Alhaji. "Me nake gadi?"

Alhaji ya dubi Khalida. Khalida ta sunkuyar da kai. Tsohon ya ajiye sabuwar hular a kan teburin Anwar, ya fita da kai a buɗe.