Askin Watan Mayu

A bakin shingen gonar tsoho Etchart aka ƙulla cinikin, a gindin duwatsun Bighorn. Royce mai askin tumaki ya zo ne su sa rana, tsohon kuma ya ce sai Yuni, kamar yadda ubansa ya saba.

Royce ya buɗe baki zai ce to, sai ga wata yarinya ta fito daga garke rungume da ɗan tunkiya, takalmanta duk taɓo. Ta kalli sabuwar hularsa ta yi murmushi. Maite ke nan, autar gidan. Nan take ya ji Yuni ta yi masa nisa.

"Baba, Yunin nan ba ni da sarari ko na yini guda. Sai dai mako mai zuwa."

Ƙarya yake yi. Ko akuya babu wanda ya ba shi ya aske a watan.

"Mayu fa, yaro? Dutsen nan ba shi da amana."

"Sanyi ya tafi. Dubi ciyawa."

Tsohon ya dubi ciyawa, ya daɗe yana duban saurayin, sannan ya miƙa hannu.

Aka yi aski. Maite ce ke tura masa tumaki tana tsokanarsa.

"Mai almakashi, tunkiyar kake askewa ko ni kake kallo? Ka bar mata gemu."

"Gemun ado ne, tauraruwata."

"Ji shi! Dalton likitan dabbobi ma da ke nemana bai kai ga ba ni suna ba, ga shi da gidan bene."

"Shi allura ya iya. Ni zuciya na kawo."

Ran da ya gama ya tura mata saƙo: "Na bar rabin hankalina a garkenku." Ta amsa: "Zo ka ɗauki abinka, kada raguna su cinye."

Ba a rufa mako ba, da hantsi, sama ta yi fari fat. Iska ta juyo daga arewa, dusar ƙanƙara ta zubo kan furannin da suka riga suka buɗe. Tunkiyar da aka tuɓe wa ulu ba ta da abin da za ta kare kanta da shi, kowa a yankin ya san wannan.

Royce yana gari saƙonta ya shigo: "Suna mutuwa."

Ya ɗaura wa tayoyin motarsa sarƙa saboda santsi ya hau dutsen. A hanya ya ga tumakin farko kwance jikin wayar shinge, fatarsu ja, askinsa tsaf a jikinsu. Ya so ya juya don kunya. Bai juya ba.

Gidan ya zama garke. Tumaki a garejin mota, tumaki a falo, wata a bakin murhu tana tauna labule. Mama Graciana, matar tsohon, ta zazzage akwatunan gidan kaf, ana cusa wa tumakin rigunan sanyi, har da shuɗiyar da take zuwa coci da ita.

"Ka tsaya kallo ne?" ta daka masa tsawa. "Kai ka tuɓe su, zo ka sa musu kaya!"

Ya cire jaket ɗinsa ya sa wa wata mai ciki. Ya yini yana ɗauko su a kafaɗa daga fili, shi da tsohon. Dalton ya bugo waya ya ce hanya ba ta biyuwa.

Da la'asar iska ta lafa. Waɗanda aka shigo da su sun tsira, amma na jikin waya sun yi yawan da babu wanda ya so ya ƙirga. Aka zauna shan miyar wake. Royce ya kasa ɗaga cokali.

"Baba, ba ni da aiki a Yuni. Ƙarya na yi. So nake in dawo da wuri saboda Maite."

Maite ta ajiye kwanonta ta fita. Tsohon bai ɗaga kai ba.

"Gama miyarka ka tafi. Ba na ba maƙaryaci 'yata."

Ya tura mata: "Ban cancanci ki amsa ba." Ba ta amsa ɗin ba.

Da zafi ya kama aka kora ragowar garken saman dutse, Royce ya bi su da karensa ba tare da an sa shi ba. Can ya zauna cikin tanti yana korar kyarketai. Gari kuwa ba ya iya shiga, don a shagon abincin dabbobi sai wani ya ce, "Royce, zo ka aske ni, na gaji da duniya."

Saƙonta ya zo a ƙarshen Yuli: "Wawa, da ka ce kana sona ai ka zo ranar Lahadi kamar kowa. Kana cin abinci kuwa?"

Tsohon da kansa ya kai masa fulawa da kofi. Suka zauna kan dutse, ya daɗe yana juya hularsa.

"Na san ƙarya kake tun a bakin shinge. Wa ke da aikin aski a Yuni in ba ni ba? Ulu na tsada a Mayu, kwaɗayi ya ja ni. Na bar ka ka ɗauki laifin kai kaɗai, Graciana kuma ta hana ni sakat." Ya yi tsaki. "Sauko ka yi wanka, ɗana. Wari kake kamar bunsuru."

A Satumba aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garin. Mama Graciana ta dafa kansu ta ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jiran lokaci.

Etchart ya yi asarar tumaki da ɗan girmansa a gaban matarsa. Dalton ya rasa yarinya. Royce ya sami Maite, amma har yau in Mayu ta kama ba ya iya kallon shingen nan. Maite kaɗai ta ci riba tsantsa, don ta auri mijin da ba ya iya yi mata ƙarya ko ta wasa.